Sunan da Ke Bayan Riga

Dengfeng, Guangzhou
Watan Oktoba

Zuwa ga Yayata Yalwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ɗanki, ya haskaka makwancinsa.

Kada ki yi mini dariya don na koma rubuta takarda. Na san halinki, duk saƙon murya da na turo sai kin kunna shi a tsakar gida, har mai kawo ruwa ya ji. Wannan maganar ta mu biyu ce.

Na dawo lafiya, na koma haɗa wa matan kasuwar Kwari kayansu kamar da. A wajen zaman makoki kowa ya yaba mini. Ke aka yi wa ta'aziyya, don ke kika goye shi tun daga yaye, ni kuwa na yi ta zuba wa baƙi abinci da busassun idanu, yadda uwar ɗan fari ya kamata ta yi. Na ɗauka in na baro Kano zan samu inda babu wanda ya san shi. Ashe ya riga ni isowa.

Shekaranjiya na shiga kasuwar Shahe neman mayafai. Ina hawa bene sai ga wani ƙato a gabana, faɗin kafaɗa irin nasa, da riga ruwan toka, lamba casa'in da ɗaya, ga sunan a sama da manyan haruffa. Kin tuna mai shagon kwamfutar da ya cike masa takardun tafiya ya juya sunayen, ya sa nasa a gurbin na mahaifinsa? Shi ya sa duk 'yan wasan suna ɗauke da sunan iyayensu a baya, shi kaɗai yake ɗauke da nasa na yanka. Yaya, na bi bayan nan har hawa na uku. Da mutumin ya juya, wani ɗan Kamaru ne yana cin gyaɗa.

Na tambaya a kaikaice. Wai tun da ya faɗi ya rasu a filin wasan nan, a wasansu na uku, ƙungiyar ta ce duk kakar wasan bana tasa ce, kuma tun daga ranar ba a ci su ba. Masu ɗinkin nan kuwa ba su san makoki ba, abin da ake nema shi suke bugawa. Layi guda na gani, rigarsa a rataye tun daga ƙasa har rufi, duk sun juya baya.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A wayarmu ta ƙarshe ya tsokane ni, ya ce Turawa dubu saba'in suna kiran sunansa a fili, amma shi murya ɗaya yake jira. Ya ce ranar da suka ɗauki kofi sai na faɗa, ko da a kunne ne. Na ce masa marar kunya, ya yi ta jira. Ya yi dariya ya ce zai jira.

Ki gaida ƙanwarsa Asma'u, ki ce mata ta rage kuka, ciki gare ta.

Ƙanwarki,
Surayya

Dengfeng
Watan Disamba

Yaya Yalwa,

Sallama da gaisuwa. Ya sanyi, ya jikin? Man zafin da na aiko shafawa ake yi, ba ajiya a kwaba ba.

Kin ce in dawo gida. Na ji, amma ba zan iya ba tukuna, kuma zan gaya miki dalili ko da za ki ce na zautu.

Akwai wani gidan abinci na 'yan Ghana a ƙasan layinmu da ke nuna wasan. Daren Lahadinsu na can shi ne safiyar Litinin ɗinmu, don haka in na idar da azkar sai in sa hijabi in sauka, in sayi shayi in zauna a lungu. Ni da ban taɓa kallonsa yana da rai ba, don kada a ce ina rawar kai da ɗan fari. Har yau ban gane kan wasan ba. Ƙwallo ce kamar gwanda, a hannu ake ɗaukarta, ƙarti cikin hular kwano su yi gudu kaɗan, su taru su danne mutum ɗaya, a busa usur, a sake. A kan wannan aka kashe mana yaro. Alamar ƙungiyarsu wani tsuntsu ne mai dogon wuya, ni dai 'Yan Zalɓe nake ce musu.

Kafin a fara, mutum biyu sukan fito da rigarsa a buɗe, su shimfiɗa ta a kan benci, ba mai zama a wurin. Sai filin gaba ɗaya ya ɗauki sunan, su ja shi, su sake, su kuma ja. Ina jin sa har cikin haƙorana. Duk lokacin da aka hasko 'yan wasan a jere, ina ƙirga su, kullum sai in ga kamar akwai ƙarin mutum ɗaya a ƙarshen layi, ya ɗan karkata kai hagu yadda yake yi in ana masa faɗa.

Sau biyu kawai aka ci su. Duk nasarar da suka yi, rigar sai ta ƙaru a gari. Masu canji sun sa, masu gyaran waya sun sa, har wani tsoho Basine mai shara na gani da ita ta kai masa gwiwa. Ba na iya zuwa sayen albasa ban bi bayansa ba.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne Salamatou, 'yar Maraɗin da muke haya tare. Mutuniyar kirki ce, sai dai baki. Ita da Maman Asma'u ta san ni, kamar kowa a nan, ba ta san ina da wani ɗa ba. Ran nan ta shigo da dila guda na rigar, za ta kai kasuwar garinsu. Ta zaro ɗaya ta rataye a ƙofar ɗakina, ta karanta sunan da ƙarfi, ta ce ashe Bahaushe ne, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba uwar da ta haifi wannan haƙuri, ko tana wace duniya. Na ce amin. Na ci gaba da tsince shinkafata. Kwana da kwanaki rigar tana nan, in an buɗe taga sai ta kumbura kamar akwai mutum a ciki, har aka zo aka kwashe dilar zuwa tashar jirgin ruwa ta Huangpu.

Ban yi nadamar alkunya ba, kada ki ɗauka haka. Haka Inna ta yi, haka kakarmu ta yi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ina da tambaya. Ke ce ta farin Inna, ta rasu ba ta taɓa kiran ki Hafsatu ba, Yalwar ma maƙwabta suka sa miki. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ya taɓa yi miki ciwo?

Taki,
Surayya

Dengfeng
Ƙarshen Janairu

Yayata,

Ina gaisuwa. Barka da arziki, Asma'u ta sauka lafiya, Allah ya raya. Na ji an yi shawarar mayar da sunan, na kuma ji ke kika ce a dakata sai an ji daga bakina. Na gode. Ban da amsa tukuna.

Takardarki ta zo. Kin ce ba ki taɓa jin haushin Inna ba, amma har yau, da furfurarki, in aka kira Hafsatu a titi sai kin waiga ko muryarta ce. Na karanta wannan layin, na sake karantawa.

'Yan Zalɓe sun kai wasan ƙarshe. Ban san me zan roƙa ba. Da farko, Allah ya yafe mini, addu'a nake a ci su, rigar ta ɓace in huta. Yanzu kuma tsoron ranar nake. Wata mai shago ta nuna mini yadda suke yi da rigar ɗan wasan da kasuwarsa ta mutu: a ɗora ta a injin guga, a ɓamɓare haruffan, a manna sunan wani. In sun ɗauki kofi, alƙawari ya hau kaina, ga shi babu kunnen da zan faɗa wa. In an ci su, za a kankare shi daga bayan kowa. Gaba kura, baya sayaki.

Kin sani ban ga kabarinsa ba, Musulmin can ne suka yi masa sutura. Wannan rigar ita ce kawai abin da idona ya gani, kuma ko ɗaya ban saya ba. Sau nawa ina tsayawa a bakin shagon, lawban ɗin, wato mai shagon, ta ce in shigo, in ce mata mayafi nake nema.

Ki yi mini addu'a. Ina jin kamar wani yana tsaye a bayana yana jira, ba da fushi ba, da haƙuri, kuma haƙurin ne ke hana ni sukuni.

Ƙanwarki,
Surayya

Dengfeng
Watan Fabrairu

Yaya Yalwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mai jego da jariri. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki karanta.

An ci su. Saura ƙiris, ɗayansu ya miƙa hannu, gwandar ta taɓa yatsunsa ta faɗi ƙasa, aka busa. 'Yan gidan abincin suka yi ta ihu, masu murna da masu zagi. Ni bencin nake kallo. Wani ma'aikaci ya zo ya ɗauke rigar, ya dunƙule ta a hammata tare da tawul, ya wuce. Na ce to, ba kofi, ba alƙawari, Allah ya sauke mini. Na hau sama na dafa abinci na kasa ci.

Ran Laraba na kasa zama, na tafi Shahe. Sabuwar shekarar Sinawa ta matso, kowa yana tattara kaya zai tafi ƙauyensu, ko'ina jan takarda da ƙarar salatif a jikin kwali. Na je layin nan. Yaya, babu ko ɗaya. Wannan bayan da ya hana ni sakat wata huɗu, na neme shi a kasuwar nan kamar yaro ya ɓace mini ranar sallah.

Na shiga shagon matar nan. Na faɗa mata lambar da yarensu, don na koya. Ta kawo casa'in da ɗaya ja, ta kawo shuɗiya, na wasu ƙungiyoyi. Na nuna mata toka. Ta ce meyo, wato babu. Da ta ga ban motsa ba sai ta jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ruwan toka, lambar tana nan, amma saman wayam. An ɓamɓare. In kin karkata ta wajen fitila za ki ga inuwar haruffan a jikin yadin. Na dafa wurin da yatsa na ce wannan nake so, mai rubutun. Ta ɗauko wayar da suke magana da 'yan sito, ta dube ni, ta ce suna, suna, wane suna.

Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai biro a jakata. Da na so da na rubuta mata a tafin hannu. Ban ciro shi ba.

Na buɗe baki, abin ya fito kamar iska. Ba ta ji ba, ga ƙarar salatif. Ta kanga hannu a kunne. Sai na ja numfashi na faɗa yadda uwa ke kiran ɗanta daga ƙofar gida in magariba ta yi bai shigo ba.

Zayyad.

Layin ya yi tsit, ko kuma kunnena ne. Sai na ji daga bayana, kusa, an ce na'am. Da jan nan na ƙarshe, irin na wanda aka tasa daga barci.

Na san abin da za ki ce. Shahe cike take da Hausawa, kuma ba ni kaɗai na haifi mai wannan suna ba. Ni ma na gaya wa kaina haka. Shi ya sa ban waiga ba. Na tsaya ina kallon tebur, hawayen da ban zubar a Kano ba suna sauka a kan kayan mutane, har matar ta turo mini kujera ta zuba mini ruwan zafi a kofin takarda. Can aka sauko da guda ɗaya daga sito, wadda ta maƙale a gindin kwali, sunan cikakke. Babba ce ƙwarai, daidai shi.

Da na fito na bi titi har tashar jirgin ƙasa, ban ji kowa a bayana ba. Na yi zaton zan ji daɗi. Kewa na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, amma na yi barci.

Na gaya wa Salamatou. Ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Ki ce wa Asma'u da mijinta a mayar da sunan. Kada a sa masa wani laƙabi saboda ni, zan kira shi. Ina nan tafe kafin azumi in Allah ya yarda, da rigar a jakar hannu. Kuma Hafsatu, ki ajiye mini shimfiɗa a ɗakinki. Na san ba muryar da kike jira ba ce, amma nono ɗaya muka sha.

Allah ya jiƙan ɗana. Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanwarki,
Surayya, Maman Zayyad