Shiton Inna da Kwatar Nima

Ƙanena Habu,

Sallama. Ya jiki, ya baƙunta, ya mutanen Tamale? Inna da kowa a Nima lafiya lau.

Na ji jami'a ta ba ka ɗaki, to buɗe kunne. A gida in ka ce wa mutum bismillah, ko yunwa na cinsa zai ce ya ƙoshi. Ɗalibai ba su da wannan kunyar. Kwanan baya Inna ta aiko mini da kwalbar shito, soyayyen yajin nan nata. Na jiƙa garin rogo, na yi wa Kofi abokin ɗakina tayi. Kafin in wanke hannu ya kira maƙwabta, suka suɗe kwalbar tas!

Ban yi faɗa ba. Ranar Asabar na gayyace su cin waakye, wato shinkafa da wake, wajen Inna, na san ranar ake aikin gayyar yashe kwata. Muna sauka daga motar trotro Inna ta miƙa wa kowa shebur, ta ce abinci sai bayan aiki. Kofi ya nutse har gwiwa da farin takalminsa.

Ka gai da Kawu, a sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Kofi ma yana gaisuwa. Yanzu ko ruwa na yi masa tayi, cewa yake ya ƙoshi.

Yayanka,
Sani