Maigidana Tela Ya Yi Ta Buɗa Min Kaki A Ɓoye

Anti, ki agaza min da shawara. Duk wanda na ba labarin nan dariya yake yi, ni kuwa abin ya hana ni sakat.

Ni soja ce, kofur, shekarata takwas cikin kaki. A da Barewa ake ce min a barikinmu, don in aka fita gudun safe har maza nake bari a baya. Wata bakwai da suka wuce Allah ya ba ni 'ya mace. Da na koma aiki sai aka ajiye ni a ɗakin sadarwa, daga kujera sai waya. Ga Mama ta tare a gidanmu tana taya ni raino, kuma a wurinta mai shayarwa ba ta ƙoshi. In na ture kwano sai ta ɓata rai, wai ba ni take ciyarwa ba, jikarta ce.

Duk da haka hankalina kwance, tunda ban da ranar farko, kullum kakina yana shigata daidai. Har yabon kaina nake a gaban madubi. Sai makon jiya aka raba sabon kaki, aka ba ni lambar da na saba sawa. Anti, wandon nan a cinya ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wata abokiyar aikina da ke ɗakin ta juya baya tana tarin ƙarya.

Da na dawo gida na juya tsohon kakin, sai ga sawun ɗinki layi uku. Maigidana tela ne. Ashe in na ba shi guga sai ya farke ya ɗan buɗa, ya mayar kamar ba a taɓa ba. Da na tsare shi ya hau sosa ƙeya, wai ya gan ni ranar komawata aiki ina kokawa da maɓalli ina neman kuka, shi ne ya kasa jurewa. Mama kuwa ta yi dariya har da hawaye.

Yanzu saura wata biyu gwajin ƙarfin jiki, kuma sai wanda ya ci ake turawa kwas na zama saje. Na gwada zagaya filin fareti, a zagaye na biyu na zauna ina haki, ƙuguna yana ciwo. Wata ta ce in bar abinci, in sha shayin rage teɓa, in naɗa leda a ciki in yi gudu da rana tsaka. Kwana uku ke nan ina gaba da maigida, kuma gaskiya na fara gajiya da fushin. Yaya zan yi?

Taki,
Barewar Da

AMSA

Ƙanwata, ni ma na yi dariya, ki yafe min. Barka da samun ƙaruwa.

Kina da gaskiya: da ya bar kakin ya faɗa miki gaskiya, da tuni kin fara shiri. Amma mutumin da ya zauna yana farke wando sau uku don kada ki zubar da hawaye ba abokin gaba ba ne. Ki nuna masa cewa a aikinku jiki shi ne jari, ɓoye miki ba taimako ba ne, sannan ki sauke fushin nan yau.

Batun yunwa, shayi da leda, ki watsar. Mai shayarwa da ta bar abinci kanta da 'yarta take cuta. Ki fara ganin likitan bariki kan ciwon ƙugun nan. In ya sahale miki, ki soma da tafiyar sauri mako biyu, sannan ki riƙa sirka ta da gudu kaɗan-kaɗan, kwana huɗu a mako, da sanyin safiya. Ki shayar kafin ki fita, ki sha ruwa sosai. A ofis ma ki riƙa miƙewa kina taka ƙafa. Ki samu mai horar da ku ki gaya masa halin da kike ciki, ba ke ce farkon wadda ta dawo daga haihuwa ba.

Mama kuma kada ki ce ta daina ba ki. Ki roƙe ta ta rage mai da zaƙi, ta yawaita ganye, wake da ƙwai. In kin je wurin likita ki tafi da ita ta ji da kunnenta.

Wata biyu na iya isa. In bai isa ba, ki tambaya ko za a ɗaga miki zuwa gwaji na gaba, kada ki karya kanki don ƙarin igiya ɗaya ta saje. Jikin nan mutum ya ɗauko, ki bi shi a sannu. Allah ya raya jaririya, ya ba ki sa'a.