Sayen Ranar Diwali

Baroda, Nuwamba 1993

Yaya Bipin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Yaya Sarla. Mun iso gida lafiya.

Har yanzu ban gama mamaki ba. Shekara nawa kana yi wa mijina Nalin dariya? Kai ne mai cewa kwamfutar da ba a tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinta kamar taku ta wurin aiki ai abin wasan yara ce. Ranar da ya ce zai rubuta wa 'yan kasuwar yadi manhajar lissafi a kan ƙananan kwamfutocin tebur, ka tambaye shi ko da alewa ake haɗawa in za a sayar. Na yi kuka ranar, ban dai nuna maka ba.

Sai ga ranar Diwali, bikin fitilu da ke shigo mana da sabuwar shekara, a ofishin Manubhai dillali, a sa'ar da babba a gida ke sayen hannun jarin farko na shekara don albarka. Muna jira ka sayi biyar na kamfanin Nalin don kara, sai muka ji yaron ofis ya ɗaga murya: "Bipinbhai, dubu uku!" Nalin baranda ya fita yana share ido. Mama kuwa har a jirgin ƙasa sai da ta ba mutane labari.

Watan gobe za mu buɗe sabon ofis. Nalin ya ce babu mai fasa kwakwar neman albarka a bakin ƙofa sai kai. Kada ka ce a'a.

Ƙanwarka,
Urmila

Bombay, Nuwamba

Rustom, abokina,

Bayan gaisuwa, yaya Puna, yaya gwiwar? Zauna tukuna, don abin da zan faɗa maka ko Sarla ba ta ji ba.

Ka san ra'ayina a kan ƙananan kwamfutocin nan. Tamu ta kamfanin inshora, mai cika ɗaki, in ka tambaye ta ran Litinin sai Alhamis ta amsa, amma amsar daidai ce. Tasu nan take take amsawa, nan take kuma take kuskure, maganinta kullum a kashe a kunna. Na yi ta faɗin haka a wurin shan shayi har na yarda da kaina fiye da kima.

Da kamfanin surukina Nalin ya shiga kasuwa, sai na je wurin Manubhai a ɓoye. Na sa ya aro mini hannun jarin kamfanin dubu uku daga wani, na sayar, da nufin in farashi ya faɗi in sayo da araha in mayar wa mai shi, ribar ta zama tawa. Ka gane? Na zuba kuɗi a kan cewa mijin ƙanwata zai karye. Kowace safiya ina buɗe jarida da fatan in ga ya faɗi. Ya ƙi faɗuwa, Rustom, sai hawa yake yi.

Gab da Diwali Manubhai ya ce mai kayan yana son kayansa, ba ya son su shiga sabuwar shekara a hannun wani. Kasuwar da ta rage mini ita ce ta sa'ar albarka. Na raɗa masa ya saya shiru, yaronsa kuma ya kwarmata a gaban dangi duka. Nalin ya rungume ni, Mama ta sa mini alewar laddu a baki da hannunta. Ban taɓa cin abu mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Rabin abin da na tara don ajiye aiki ya tafi, kuma ba shi ke damuna ba. Kunya ce ke cina. Yanzu so suke in fasa musu kwakwa. Yaya zan yi?

Naka,
Bipin

Puna, Nuwamba

Bipin, tsohon banza,

Na gode da gaisuwa, gwiwa tana nan tana halinta. Na yi dariya har matata ta leƙo, daga baya kuma na daina.

Bari in tuna maka abin da ka manta. Mu ba kwamfutar muke so ba, sanyin ɗakin muke so. A duk Bombay nan ne kaɗai mutum ba ya gumi, ga mutane a layi a bayan gilashi suna roƙon mu da katunan aikin da suke so a sa musu a kwamfutar. Nalin ya ɗora wa kowane mai kanti tasa a tebur, layin ya watse, shi ne laifinsa a wurinka. Ni ma na ji zafin, amma ban kai shi kasuwa ba.

Kana iya yin shiru, babu mai sani. Sai dai kowace Diwali za su sake ba da labarin nan, kana zaune ana tura maka laddu. Na san cikinka, ba zai ɗauka ba. Ka rubuta wa Urmila.

Ka gaida Sarla, baiwar Allah mai haƙuri.

Rustom

Bombay, Disamba

Urmila ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Nalin da yara.

Ba zan iya fasa kwakwar ba. Dubu ukun nan ba don na yarda da Nalin na saya ba. Bashi ne na biya. Tun farkon damina na ari hannun jarinku na sayar, ina jiran ku faɗi in ci riba. Da kuka ƙi faɗuwa, dole ta sa na saya in mayar. Ko ɗaya babu a hannuna yanzu.

Kwana biyu bayan biki kin zaunar da ni, kin ɗiga mini jan alama a goshi, kin roƙa mini tsawon rai kamar yadda kike yi tun muna yara. Na kasa kallon ki, kika zaci hayaƙin fitila ne. Ba ni da hujja. Haushi nake ji yaron da na raina ya fi ni ganin gaba.

Ki yi mini hukuncin da kika ga dama.

Yayanki, in har kin yarda,
Bipin

Baroda, Disamba

Yaya,

Gaisuwa. Takardarka ta iso.

Dubu ukun da ka ara, ni ce mai su. Manubhai ya ce wani na son aro, zai biya lada, mu kuma lokacin albashin ma'aikata ya gagare mu, sai na bayar. Daga baya na gane abin da mai aron yake jira. Tun daga ranar, kowace safiya in na kunna fitilar ibada sai na roƙa wa mutumin nan asara da tozarci. Ni ce na ce a dawo mini da kayana kafin Diwali. Da suka dawo daidai adadin da ka saya, zuciyata ta raya mini wani abu, na kwaɓe ta.

Da bakin da na roƙa maka tsawon rai, da shi na yi wata da watanni ina tsine maka. Yanzu kowace safiya janye tsinuwar nake yi, ban san ko ana karɓa ba.

Nalin bai sani ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Ya riga ya sayo kwakwar, ya hana yara taɓawa. Ka taho a jirgin safe, ka same shi kafin baƙi su taru.

Ka gaida Yaya Sarla, ka kuma faɗa mata.

Ƙanwarka,
Urmila