A Bar Dogo Ya Faɗo

Da hankalina garau nake rubuta wannan, ko da yake duk wanda ya karanta babin ƙarshe na littafin da zan bari yana iya yin tantama. Likita ya faɗi tasa, ga tawa.

1. Kada a tashi mahaifiyarku daga gidan nan. Teburin rubutuna, mai ƙafar da na tokare da kwali, na Auta ne, don ita ta riƙa buga mini rubutu tun da hannuna ya soma rawa. Kai Babba, littattafan kabad naka ne.

2. Ga abin da ke hana ni haɗa ido da ku. Kun tashi kuna jin ina yi wa ɗalibaina faɗa cewa in ana gudu a labari, to a yi gudu. Wanda ake bi da bindiga ba ya ganin launin labule. Numfashinsa yake ji, ƙofa yake nema. Ka ambaci abu ɗaya ko biyu, ka wuce. Sai ga ni da furfurata na ɗora Dogo, gwarzon littafin, a kan rufin kwano, ana binsa da harbi, na tsaya ƙirga ƙusoshi. Tsatsa, kashin tattabaru, har da tarihin maginin gidan. Ranar da na karanta muku a falo, mahaifiyarku, wadda a da girkinta kan ƙone saboda labaraina, ta miƙe ana tsakiyar harbi ta tafi kwashe shanya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

3. Na san a kan babin nan kuka daina gaisawa. Babba ya ce a yanke, Auta ta ce ba mai taɓa wa ubanta ko wasali ɗaya. Auta, ki yi haƙuri, yayanki ne da gaskiya. Abin da kike karewa ba gwaninta ba ce, tsoro ne. Na san in Dogo ya kai ƙarshen rufin faɗowa zai yi ya mutu, ni kuwa ban shirya ba, sai na yi ta jan ƙafa. Kunya nake ji a ce tsorona ne ya raba ku.

4. Ku zauna a teburin nan ku biyu. Auta ta karanta a bayyane, Babba ya riƙe biro. Duk layin da ta karanta a natse, a soke shi. Amma ku bar zafin kwanon a tafin ƙafarsa, da takalmin da ya suɓuce masa. Faɗuwar kuwa layi biyu ya ishe ta. Kada littafin ya je maɗaba'a sai kun amince tare.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna da kyau. Dogo kuma ni na kasa sakinsa. Ku sake shi, ni ma ku sake ni.