Ragowar da Ta Maƙale

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya maigidanki da aiki?

Bayan haka, kin ce kada in ɓoye miki komai, to ga shi. Tun da cikin nan ya zube jinin bai ɗauke ba. Ina taka keken ɗinki sai in ji ya ɓalle. Dole na rufe shago, ga kayan mutane jibge a kan tebur. Na shanye magungunan da aka ba ni, shiru. Da aka yi hoto, likita ta ce akwai 'yar ragowa da ta maƙale a mahaifa, sai an cire.

Nan take ke kika faɗo mini a rai, Yaya. Tun wankin cikin da aka kankare ki ba ki sake ko ɓatan wata ba. Ina kuka na ba ta labarinki. Ta ce nawa ba kankara za a yi ba, siririn bututu mai kyamara za a zura, a ga wurin da ido, a ɗauke ragowar kaɗai. Na ce to. Ba don na yarda ba, gajiya ce kawai.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Da fatan Inna ta samu sauƙi.

An yi, ko kwana ban yi a asibitin ba. Nas na riƙe da hannuna na kalli allon da ke nuna hoton kyamarar. Abin da ya hana ni sakat duk tsawon lokacin nan bai fi kan ɗan yatsa ba. Jinin ya ɗauke, likita ta ce mahaifar lafiya lau, babu tabo.

Na daɗe riƙe da biro kafin in iya rubuta miki wannan, don na san da a lokacinki an samu irin wannan aikin, da yanzu wani zancen ake.

Maigidan sai murna yake, har ya fara lissafin na gaba. Na ce ya bar ni in huta. Kowa ya shigo barka zancen na gaba yake yi, babu mai ambaton wanda ya tafi, ni kuwa har suna na zaɓa masa a raina.

Ki zo, Yaya. Kada ki riƙo komai. Ke kaɗai ce za ki zauna kusa da ni ba ki ce in yi haƙuri ba.

Taki,
Auta