Jinkirin Kwana Goma Sha Biyu

Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikinki, ya maigida da yara?

Wancan watan al'adata ta yi jinkirin kwana goma sha biyu. Na ce bayan shekara shida Allah ya amsa. Ban jira gwaji ba na gaya wa Bello, shi kuma ya kai wa Innarsa albishir a Argungu. Da muka je asibiti a Birnin Kebbi, malamar ta ce, "Ba ciki ba ne, 'yar'uwa, jinkiri ne kawai." Da na sani na yi shiru. Jiya Inna ta aiko min da busasshen kifi, wai in ƙara ƙarfi. Bello ya kasa gaya mata.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Saratu