Babbar Rigar Angon da Sabarku Ta Lalata

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
Kamfanin da ke ba mu hayar lasisin manhajar ɗinkin kwamfuta,
Sabon Gari, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Sagir, ina da shagon ɗinkin kwamfuta a Kwaciri, cikin Fagge. Teloli ne ke kawo min riguna in fitar musu da aikin wuya da na ƙirji. Na yi ta sintiri a ofishinku har mai gadi ya haddace fuskata, ban samu ganinka ba, shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Ban sa sunan kamfaninku a takardar nan ba. Kada ka ɗauka kara na yi maka, za ka ji dalili a ƙarshe.

Ga wanda bai san sana'ar ba, manhajar da muke zana aiki da ita, kuma take tura shi cikin inji, ba ta buɗuwa sai ta nemi izini daga wata babbar kwamfuta da ke ofishinku, wadda kuke kira saba. Ko ana tsakiyar aiki, tana komawa ta sabunta izinin. In sabar ta yi shiru, manhaja ta rufe, inji ya tsaya cak.

Na ɗaya. Lokacin da kuka fara ba mu da yawa, sabarku na ɗaukar mu lafiya lau. Da kuka ji daɗin ciniki sai kuka baza 'yan talla lungu-lungu, Fagge da Sabon Gari, kuka sayar wa duk mai inji lasisi, amma sabar tana nan yadda take. Na yi wa injiniyanku magana, ya yi min murmushin nan na masu ilimi, wai lissafinsu ya nuna ba kowa ke aiki lokaci guda ba. Ranka ya daɗe, wannan lissafin garin da ba a ɗauke wuta ne. Mu nan da zarar an kawo wuta, kowa zai tashi a guje ya kunna kwamfuta, mu afka wa sabarku gaba ɗaya kamar masu rububin shiga mota, ita kuma ta sume.

Na biyu. In an ɗauke wuta, kwamfutata mutuwa take yi ba sallama, ba ta mayar muku da izinin da ta karɓa. In na tada janareta na dawo, sai sabarku ta ce wani yana amfani da lasisina. Wanin nan ni ne! Haka zan zauna mai yana ƙonewa, ina jiran kaina in gama.

Na uku. Duk sanda na kira, amsarku ɗaya ce, wai netwok ɗina ne. To, na bincika. Madam Ngozi, mai ɗinka tambarin rigunan 'yan makaranta a Sabon Gari, layin netwok ɗinta daban, unguwarta daban, amma lokacin da nawa ya tsaya, lokacin nata ke tsayawa. Mun sha kiran juna muna jaje. Ita ce ma ta gano cewa manyan masana'antun da kuke ji da su kun ware musu nasu izinin, su ba sa tsayawa. Ashe kun san ciwon sarai, kun dai zaɓi waɗanda za ku bari da shi ne.

Na huɗu, kuma wannan ne abin da ya sa na ɗauki biro. Alhaji Lamidi tsohon tela ne a Fagge, a nan aka haife shi, a nan ya tsufa kan keke. Shi ya koya min riƙe almakashi, Baba nake ce masa. Bai taɓa yarda da ɗinkin kwamfuta ba, cewa yake yi abin da ba ya jin faɗa ba a ba shi amana. Na daɗe ina lallashinsa kafin ya miƙo min babban aiki: rigar angoncin ɗan wani Alhaji ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Baba ne ya ɗinka wa Alhajin nan tasa rigar angoncin tun yana saurayi, kuma tun daga lokacin gidansa ba su san wani tela ba.

Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, na ɗora rigar a kan inji. Babu wuta, don haka na cika janareta da mai don kada komai ya katse ni. Aiki ya kai tsakiyar ƙirji, sai na ji unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta. Ban taɓa zaton zan yi baƙin cikin wannan ihun ba. Sauran masu inji suka kunna nasu, sabarku ta faɗi, manhajata ta rufe, allura ta tsaya a cikin shadda. Na kira ku har wayata ta yi zafi. Sai bayan la'asar kuka farfaɗo, manhajar kuma ta manta inda ta tsaya. Na yi iya yina in haɗa bakin aikin, zare ya hau kan zare, gefe guda ya karkace. Shadda kuwa in allura ta huda ta, ta hudu ke nan.

Uban angon ya zo da kansa. A gaban maƙwabta ya sa aka kwashe duk yadukan gidansa daga shagon Baba, ya ce masa tsufa ya kama shi, ya je ya huta. Dattijon nan ya cire hula yana ba wa sa'an ƙaninsa haƙuri, kuma ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. Na sayi wata shaddar na biya, wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci min rai shi ne, tun ina yaro Baba yake ce min ɗana. Daga ranar, in na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya kira ni Malam Sagir. Wallahi ban yafe muku ba.

Ga abin da nake nema. Ku ƙara wa sabarku ƙarfi, ku ajiye ta biyu da za ta karɓa in ta farko ta faɗi. Ku sa ta saki lasisin wanda wuta ta yanke masa, kuma ta bar mai aiki ya ƙarasa abin da ya ɗora. Ku daina sayar da sababbin guraben lasisi kafin ku yi haka. Sannan kai da kanka, ba injiniya ba, ba ɗan aike ba, ka tako zuwa Fagge, ka cire hularka a ƙofar shagon Baba Lamidi, a gaban mutanen da suka ga ya cire tasa, ka faɗa musu laifin wane ne.

Kafin ka zo, ga inda sunanku yake. Lalatacciyar rigar a hannuna aka bar ta. Rana ta gaba da sabarku ta yi aiki daidai, aikin farko da na yi shi ne na mayar da rigar nan kan inji. Ƙarƙashin karkataccen ƙirjin na zana sunan kamfaninku da jan zare, manya-manyan baƙaƙe, aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Da manhajarku na yi, da lasisin da na biya. Tana rataye a ƙofar shagona, duk telan da ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaya, ni kuma ba na gajiya da bayani. Na ji 'yan tallanku za su zo taron teloli kafin Sallah. Ni ma zan je, kuma ita zan saka.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya ƙara wa idonka haske ka karanta rigar nan da kyau. Allah ya shirye ka, ya nuna min ranar da za ka tsaya a ƙofar Baba. Ba zan sauke ta ba sai ranar da ya sake ce min ɗana.

Wassalam.

Sagir mai ɗinkin kwamfuta,
Kwaciri, Fagge.